Eppu Normaali: makaɗan da suka ƙi fita waje, suka mallaki gida

A shekarar 1985 abubuwa biyu suka faru a fagen kiɗan rok na ƙasar Finlan. Na farko, ƙungiyar Hanoi Rocks ta watse. Su ne samarin Helsinki da suka tattara nasu ya nasu suka koma Stockholm, daga can suka wuce Landan, suna waƙa da Turanci, har babban kamfanin faifai na CBS ya ɗauke su. Ana ganin saura ƙiris su kama kasuwar Amurka, sai mai kaɗa musu ganguna, wani ɗan Ingila da ake kira Razzle, ya rasu a hatsarin mota a Kalifoniya cikin Disamban 1984, a motar da Vince Neil na ƙungiyar Mötley Crüe yake tuƙawa. Ba a yi shekara ba kowa ya kama gabansa. Na biyu, wasu mutum biyar daga wani ƙaramin gari da ake kira Ylöjärvi suka fitar da kundin waƙoƙinsu na takwas, Kahdeksas ihme, duk da harshen Finlan, ya sayu fiye da kwafi 100,000 a ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan 5 ba a lokacin.

Waɗannan mutum biyar su ne Eppu Normaali. In ka fita daga Finlan da wuya ka ci karo da wanda ya taɓa jin sunansu, ko a Suwidin da ke maƙwabtaka, sai fa cikin 'yan Finlan mazauna can. A gida kuwa suna cikin waɗanda suka fi sayar da faifai a tarihin ƙasar, adadin ya haura miliyan ɗaya. Sun fara a 1976, kuma ranar da suka yi bikin cika shekara 40 a filin wasa na Ratina da ke birnin Tampere, cikin Agustan 2016, gaban mutum kusan 30,000, huɗu daga cikin biyar ɗin da suka fara tafiyar ne a kan dandamali. A sana'ar da ƙungiya kan yi shekara biyar ta tarwatse saboda kuɗi, ko giya, ko girman kai, wannan abin a tsaya a duba ne. Ni dai a ganina abin da ya hana su shahara a duniya, wato harshen da suka zaɓa da ƙanƙantar kasuwarsa, shi ne ya tsawaita musu kwana.

Sai an san Finlan ta shekarun 1970 kafin a gane inda suka fito. Ƙasa ce mai faɗi, murabba'in kilomita kusan 338,000, amma ko yau mutanenta miliyan 5 da rabi ne da 'yan kai. Jihar Kano kaɗai ta fi su yawa nesa ba kusa ba. A lokacin Finlan tana da iyaka mai tsawon fiye da kilomita 1,300 da Tarayyar Sobiyet, ga yarjejeniyar abota ta 1948 da ta sa duk ɗan siyasa sai ya tauna magana kafin ya furta ta a kan Mosko. Shugaba Urho Kekkonen yana kan kujera tun 1956, don haka yaron da aka haifa a ƙarshen shekarun 1950 ya girma bai san wani shugaba ba sai shi. Ƙauyuka suna ta komawa kufai. Ƙananan gonaki sun kasa riƙe iyali, inji ya ƙwace aikin saran itace a daji, jama'a suka kwarara birane, wasu suka haye Suwidin aikin masana'anta, a 1969 da 1970 kusan mutum 40,000 kowace shekara, har yawan al'ummar ƙasar ya ragu. A 1969 ɗin ne kuma aka sassauta dokar barasa, aka yarda a sayar da giya mai matsakaicin ƙarfi a kantunan kayan abinci, shan ya yi tashin gwauron zabo. Rediyo kuwa ɗaya ne, na gwamnati, Yle, kuma ba ya ba kiɗan matasa wani lokacin kirki.

Manya suna da kiɗansu, wanda suke kira iskelmä: waƙoƙin soyayya da kewa da rabuwa, da tango irin ta Finlan mai sanyin jiki, waɗanda ake rawarsu da bazara a rumfunan katako a bakin tafki. Matasa kuma sun ɗauka rok kayan Turanci ne, ba ya shiga wani baki. Ƙungiyar da ta fi tashe a tsakiyar shekarun 1970, Hurriganes, da Turanci take waƙa, irin Turancin da ko Baturen Ingila sai ya kasa kunne da kyau bai kama rabinsa ba. Masu sauraro ba su damu ba, ai ba ma'anar suka zo nema ba.

Wannan tunani na cewa Finlanci ba ya hawa kiɗan rok yana da dalili, ba raina kai ne zalla ba. Harshen ba dangin Turanci ko Suwidanci ko Rashanci ba ne. 'Yan'uwansa su ne harshen Estoniya, sai na Hungari daga nesa. Kalmominsa dogaye ne, domin abin da wasu harsuna ke faɗa da ƙananan kalmomi uku ko huɗu, shi sai ya jera ɗafa-ƙeya a bayan kalma ɗaya. Ƙarfin furuci kullum a gaɓar farko yake sauka. Sannan tsawon wasali da ninkin baƙi suna canza ma'ana, abin da mai jin Hausa zai gane nan take tun da mu ma haka namu yake, kuma duk wanda ya taɓa gwada ɗora baitin Hausa a kan karin waƙar wani harshe ya san yadda ake karya kalma dole. Kiɗan rok an gina shi ne a kan gajerun kalmomin Turanci masu gaɓa ɗaya, waɗanda mawaƙi zai ja ko ya guntule yadda ya ga dama. Ɗan Finlan ba shi da wannan 'yanci. In ya ja wasalin da bai kamata ba, ya faɗi wata kalma daban, ko ya faɗi shirme. Amsa-amo ma wata wahala ce: mai sauƙin shi ne ka ƙare baituka biyu da ɗafa-ƙeya iri ɗaya, amma masu kunne suna ɗaukar wannan aikin raggo ne.

Waɗanda suka fara fasa wannan dutse a farkon shekarun 1970 sun haɗa da Hector da Dave Lindholm, sai kuma wanda ya fi su tasiri, Juice Leskinen, wanda ya zo Tampere karatun fassara ya ɓige da waƙa. Tampere gari ne na ma'aikata, a matse tsakanin tafkuna biyu, Näsijärvi da Pyhäjärvi, ruwan da ke gangarowa daga ɗaya zuwa ɗaya ya ratsa tsakiyar gari da ƙarfi, shi ya sa tun 1820 wani ɗan Sikotlan, James Finlayson, ya kafa masana'anta a bakinsa. Masaƙu da dogayen bututun hayaƙi na jan bulo suka sa ake wa garin kirari da Manchester ta Finlan, suka gajarta shi zuwa Manse, kiɗan da ya fito daga can kuma aka ce masa manserock. Alamarsa ita ce waƙa da harshen gida, da ba'a, da rashin ɗaukar kai da muhimmanci, saɓanin 'yan Helsinki da ake ganin sun fi son ado da kallon waje.

Ylöjärvi tana gefen Tampere, a lokacin ƙauye-ƙauye ce. A can ne wa da ƙani, Mikko Syrjä da aka fi sani da Pantse, da Martti Syrjä, suka haɗu da ɗan'uwansu Aku Syrjä da abokansu biyu, Juha Torvinen da Mikko Saarela. Babu wanda ya kai shekara 20 a cikinsu. Martti ke waƙa, Pantse da Juha na kaɗa gita, Aku na ganguna, Saarela na gitar bes. Sunan ma da wasa ya samo asali: sun tsince shi ne a fassarar wani fim ɗin barkwanci na Mel Brooks, kuma a kunnen ɗan Finlan yana kama da a ce "wanda ba daidai yake ba".

Akwai abin da ya raba su da sauran yaran da suka ɗauki gita a wannan zamani. Mahaifin Pantse da Martti, Jaakko Syrjä, marubuci ne. Mahaifiyarsu, Kirsi Kunnas, tana cikin manyan marubuta waƙoƙin ƙasar, kuma littafinta na waƙoƙin yara da ya fito a 1956 kusan babu gidan da ba a karanta wa yaro shi ba. Sana'arta ita ce wasa da sauti, da luguden kalmomi, da amsa-amon da ba a zata ba. Saboda haka matsalar da ta hana wasu barci, ta yadda za a sa Finlanci ya yi rawa a kan kiɗa ba tare da an karya shi ba, Martti a cikinta ya tashi. Mai sauraro da ba ya jin harshen ma zai iya lura da yadda baitukansa ke cike da amsa-amon ciki, kalma na bin kalma suna amsa juna kafin a kai ƙarshen layi.

Da farko dai ba wannan ne ya fito da su ba, hayaniya ce. Guguwar kiɗan pank ta Ramones da Sex Pistols ta iso Finlan a 1977, da saƙonta cewa ba sai ka iya kiɗa ba kafin ka hau dandamali. A shekarar ce wani mai kantin sayar da faifai a Tampere, Epe Helenius, ya kafa ƙaramin kamfani mai suna Poko Rekords, kuma Eppu Normaali na cikin waɗanda ya fara ɗauka. A 1978 suka fitar da waƙar da ta sa aka san su, a kan 'yan sanda da kulkinsu a wurin wasan matasa, sai kundinsu na farko, Aknepop, wanda sunansa ke yi wa ƙurajen fuskarsu ba'a. Kiɗan da sauri, sautin a cakuɗe, waƙoƙin gajeru. Amma ko a nan sun bambanta da pank na Landan mai fushi da tofin yawu. Nasu zambo ne da shaguɓe, suna dariya suna cizo.

Mai kaifin alƙalami a wannan zango shi ne Saarela. Ya ajiye gitar bes a 1979, Mikko Nevalainen ya karɓa, amma ya ci gaba da taimaka musu da baituka na ɗan lokaci. Misalin irin habaicin wancan lokaci shi ne waƙarsu ta 1980, Suomi-ilmiö. Shekara ɗaya kafin nan an yi hatsari a tashar nukiliya kusa da Harrisburg a Amurka, ita kuwa Finlan ta riga ta kunna tata tashar a Loviisa da injinan Sobiyet. Waƙar sai ta ɗauki muryar mai kwantar da hankalin jama'a, tana tabbatar musu cewa irin wannan abu a ko'ina zai iya faruwa ban da Finlan. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ce a rufe komai ba. A ƙasar da ake taka-tsantsan da duk abin da ya shafi maƙwabcin gabas, gugar zana ta fi ihu isa inda ake so.

Yawancin ƙungiyoyin pank da guguwar ta kwanta suka kwanta tare da ita. Eppu Normaali suka saki salon tun kafin ya sake su. Pantse ya karkata ga kiɗan Amurka mai natsuwa irin na Creedence Clearwater Revival, daga baya kuma tsabtataccen sautin gita irin na Dire Straits, ba su kuma ɓoye inda suka yi aro ba: sunayen kundayensu na 1980 da 1983 kwaikwayo ne na ba'a ga sunayen kundayen Creedence, suka cire sunan Ba'amurke suka sa na Aku. A bazarar 1981 suka shiga jirgin ruwa tare da Juice Leskinen da ƙungiyar Hassisen Kone suka zagaya tafkin Saimaa, suna tsayawa gari-gari suna wasa. Wasu 'yan'uwa biyu matasa, Aki da Mika Kaurismäki, suka bi su da kyamara, fim ɗin da suka haɗa ya zama shaidar lokacin da rok mai harshen gida ya tashi daga wasan yara ya zama abin da ƙasa ke saurare. Aki Kaurismäki daga baya ya zama daraktan fim ɗin Finlan da duniya ta fi sani.

Waƙar da ta fi bayyana dangantakarsu da jama'arsu ta fito a 1982, a kundin Tie vie. Sunanta Murheellisten laulujen maa, wato ƙasar waƙoƙin baƙin ciki. Martti ya tattaro duk kayan da aka saba zubawa a labarin talakan Finlan, rashin aiki, da kwalba, da gatari, da iyalin da aka kora cikin dusar ƙanƙara, da zuwan ɗan sanda, ya jera su reras a kan kari mai daɗin rerawa. Nufinsa shaguɓe ne ga waƙoƙin iskelmä da son kukan da ke cikinsu. Jama'a suka karɓe ta da hannu biyu a matsayin gaskiya tsagwaronta. Mutanen da aka yi wa ba'ar su ne suka fi rera ta, wasu da hawaye. Za a iya cewa ba su gane wasan ba, amma ban yarda da wannan ba. Mutumin da ubansa ya sayar da gona ya tafi birnin Gothenburg na Suwidin aikin haɗa motoci, ko wanda ya girma yana sauraron takun uba a bakin ƙofa daren Juma'a don ya san ko a buge ya dawo, ya san abin da ake faɗa. Ba'ar ce ma ta ba shi damar rera abin da ba zai iya faɗa kai tsaye ba, a al'ummar da aka san maza da ƙarancin magana. Wannan murya mai fuska biyu, rabi dariya rabi ciwo, ita ce jarin Eppu Normaali, kuma ba ta fassaruwa. Da sun mayar da waƙar Turanci, da ta zama ko dai barkwanci maras daɗi ko kuka maras dalili.

Daga 1978 zuwa 1986 kowace shekara sai sun fitar da sabon kundi, tara a jere. Na 1984 da 1985 da 1986 su ne ƙololuwa. Lokacin ma ya taimaka musu: Yle ta buɗe shirin Rockradio a 1980, sannan a 1985 aka ba da lasisin gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda ke neman waƙar gida da za ta riƙe mai sauraro. Baitukan Martti suka rage siyasa suka koma ciki, ga kaɗaici, da soyayyar da ta lalace, da mutumin da ke zaune a mashaya yana lissafin abin da ya wuce shi. A daidai wannan lokaci wata ƙungiya daga Pori, Dingo, ta haukata 'yan mata a faɗin ƙasar, ana suma a wurin wasanta. Ta yi tashen shekara biyu, a 1986 ta watse. Eppu ba su taɓa samun irin wannan hauka ba, ba su kuma yi irin wannan faɗuwa ba.

To me ya riƙe su? Jini yana ciki, babu musu. Uku daga cikin biyar sunan gidansu ɗaya, kuma wanda za ku haɗu da shi a taron dangi ko kun so ko kun ƙi, ba a korarsa da takarda. A kwatanta da Nightwish, ƙungiyar Finlan da ta yi suna a duniya, wadda ta sallami mawaƙiyarta Tarja Turunen a 2005 ta hanyar buɗaɗɗiyar wasiƙa da kowa ya karanta. Sai dai jini kaɗai ba ya isa, tarihin rok cike yake da wa da ƙanin da ba sa ga maciji. Abin da ya fi jini aiki a nan shi ne kowa ya san gonarsa. Pantse ke tsara yawancin kiɗan, shi ne kuma mai kula da yadda sauti zai fita a situdiyo. Martti ke da baituka da murya. Babu wanda ke hangen kujerar wani, domin babu wanda zai iya aikin wani. Canjin da aka yi duk a gitar bes ne: Nevalainen ya tafi a 1989, Sami Ruusukallio ya shigo, ya zauna. Mutumin da ya shekara fiye da 25 a ƙungiya amma har lokacin bikin Ratina shi ne "sabon shiga".

Sai maganar kuɗi, wadda masu rubutu a kan mawaƙa ba su cika son taɓawa ba. Wanda ya zaɓi waƙa da Finlanci ya san iyakar kasuwarsa tun ranar farko. Babu wani kamfanin Amurka da zai zo da babban cek, babu rangadin wata shida a ƙasashen da ba a san ka ba, kana kwana a mota kana bin bashin kamfani. Irin wannan rayuwa ce ke cinye ƙungiyoyi: gajiya, da ƙwaya, da jiran abin da ba lallai ya zo ba. A gida lissafin a bayyane yake. Faifai kaɗai ba ya ciyar da mutum biyar da iyalansu, wasa ne ke ciyarwa. Da bazara, lokacin da rana ba ta cika faɗuwa ba, akwai bukukuwan kiɗa irin su Ruisrock na Turku da aka fara a 1970, da Ilosaarirock na Joensuu, da Provinssirock na Seinäjoki. Da hunturu kuma sai zaurukan otal da na gari, a loda kaya a bas a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin duhu da ƙanƙara, a yi wasa, a kwashe kaya, a juyo. Aiki ne mai wahala amma mai tabbas, kuma mutum na komawa gidansa.

Eppu suka ƙara da wata dabara. Lasifikoki da fitilu da na'urorin sauti da suka tara don wasanninsu, maimakon su zauna a sito ranar da babu wasa, sai suka zama kayan haya. Daga nan kamfanin Akun Tehdas ya tsiro a Ylöjärvi, da sunan kundinsu na 1980, Aku na jan ragamarsa, ya girma har ya shiga sahun manyan masu samar da sauti da haske a manyan taruka a ƙasar, da situdiyo a ciki. Ma'anar wannan ita ce ƙungiyar ta daina dogara da sabuwar waƙa kafin a ci abinci. Kuma wannan ya yi rana, domin sabuwar waƙa ta ƙafe.

Bayan 1986 tazarar ta fara buɗewa: 1988, 1990, 1993. Kundin 1993 ma sunansa Studio Etana, wato situdiyon katantanwa, suna yi wa jan jikinsu dariya. Daga nan shiru, har shekara 11. Abin da aka sani shi ne baituka ne suka ƙi zuwa. Martti ba mai sakin layin da bai gamsu da shi ba ne, sauran kuma ba su ɗauko wani marubuci daga waje ba. Shekarun farkon wannan shiru sun zo daidai da mafi munin karayar tattalin arzikin da ƙasar ta gani bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tarayyar Sobiyet ta rushe da kasuwar da take saye, bankuna suka durƙushe, rashin aikin yi ya tashi daga kusan kashi 3 cikin ɗari zuwa sama da kashi 16 cikin shekara huɗu. Waƙar da aka rubuta da wasa a 1982 sai ta koma kamar labaran ƙarfe takwas. A 1996 aka tattara fitattun waƙoƙinsu a kundi guda, Repullinen hittejä, ya sayu fiye da kwafi 200,000, ya shiga cikin waɗanda suka fi sayuwa a tarihin ƙasar. Ƙungiyar da ba ta da sabon abin faɗa ta fi sayar da faifai a kan lokacin da take tashe.

Kafin su dawo da kundin Sadan vuoden päästäkin a 2004, duniya ta juya. Finlan ta shiga Tarayyar Turai a 1995, Nokia ta sa sunan ƙasar a aljihun kowa, kuma ƙofar da Hanoi Rocks suka ƙwanƙwasa ba ta buɗu ba yanzu ta buɗe. HIM suka hau saman jerin waƙoƙi a Jamus, kundinsu na 2005 ya zama na farko daga Finlan da ya kai matsayin zinare, wato shaidar yawan ciniki, a Amurka. The Rasmus suka zagaya Turai da waƙarsu ta 2003. Lordi, sanye da fuskokin dodanni, suka ci gasar waƙa ta Turai, Eurovision, a Atens a 2006. Duk da Turanci. Wani zai ce ashe hanyar waje ce daidai, Eppu ne suka yi gajen hangen nesa. Amma kasuwa biyu ce daban. Abin da Finlan ta fitar waje galibi kiɗa ne mai nauyi, inda sauti da shiga da yanayi ke ɗaukar kaya, baituka na biye. Abin da Eppu ke sayarwa baitukan ne kansu. HIM ma, da duk nasararsu, sun rufe shago a 2017.

Ba zan ce tsawon kwanan nan bai da farashi ba. Tsakanin 1993 da bikin 2016 kundi biyu kacal suka fitar na sababbin waƙoƙi, na 2004 da Syvään päähän na 2007. Dukansu sun sayu, amma waƙoƙin da taro ke jira, waɗanda ake rerawa har muryar Martti ta ɓace a cikin ta jama'a, kusan duk na kafin 1991 ne. Yaran da suka fara da yi wa 'yan sanda da manya ba'a sun zama kayan tarihi na ƙasa, irin waɗanda ake kai jikoki su gani. Akwai masu cewa ƙungiyar ta gama aikinta tun 1990, abin da ya biyo baya kula da gado ne kawai. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai na fi ganin mutuncin wanda ya yi shiru da ba shi da abin faɗa a kan wanda ke fitar da kundi duk shekara biyu don kada a manta da shi. Kamfanin Poko kansa an sayar wa babban kamfanin faifai na EMI a 2001, kantunan faifai suka yi ta rufewa, matasan Finlan na yau sun fi sauraron rap, shi ma da harshen gida, abin da yanzu ba wanda ke ganin baƙo ne.

Tsararrakinsu sun nuna cewa akwai wata hanyar daɗewa, wato a mayar da ƙungiya suna kawai, mutane na shiga suna fita. Yö ta Pori, wadda aka kafa a 1981, ta ci gaba da wasa bayan rasuwar mawaƙinta Olli Lindholm a 2019. Popeda, 'yan Tampere da suka fara a 1977, sun rabu da Pate Mustajärvi a 2023 bayan shekara fiye da 40 yana gabansu, suka ɗauko Olli Herman, wanda ko haifarsa ba a yi ba lokacin da aka kafa ƙungiyar. Wannan hanya a rufe take ga Eppu Normaali. Za a iya samun wanda zai kaɗa abin da Pantse ke kaɗawa, akwai ɗaruruwan masu kwaikwayonsa a mashayun Finlan. Amma waƙoƙin an rubuta su ne daidai bakin mutum ɗaya, shi ya san inda zai ja wasali da inda zai haɗiye dariya, kuma an haife shi a 1959.